Motar Ɗauko Jika

Zuwa ga uwargidana, Maman Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, kumburin ƙafar da zaman mota ya jawo miki ya sace. Yaya jikin Autarmu? Yaya take fama da nauyi? Allah ya raba su lafiya. In kin tambayi tawa lafiyar, ina nan yadda kika bar ni, sai dai wando ya fara yi mini yawa, don tun da kika tafi tukunya take yi mini kallon baƙo.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Dalili shi ne ke ba ki da sirri a waya. Duk lokacin da na kira sai ki danna sifika, abin nan mai ƙara murya, in faɗi maganar miji da mata, in ji surukai suna amsa mini da amin daga falo. Shi ya sa na rubuta na ba direban motar kasuwa da ke zuwa wajenku. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san inda na tsaya a makaranta, ajin da ya fi ƙarfina ma ni na yi masa fenti daga baya.

To, ki gyara zama. Na sayi mota.

Kafin ki dafa ƙirji, ji yadda aka yi. Kwanakin baya na kira Auta ina kan tsani, buroshi a hannu, na tambaye ta wa ya kai ta awo. Sai ta ce, “Baba ne ya kai ni a motarsa.” Na ce wane Baba, ni da nake nan tsakanin sama da ƙasa? Ta yi dariya ta ce, “Baban nan gidan mana.” Ni ma na yi dariya, amma sai da na sauko daga tsanin na zauna a kan gwangwanin fenti.

Kin san wanda take nufi, uban mijinta, Mai Tawul. Kada ki ce in daina kiransa haka. Mutumin da ba ya rabuwa da ɗan farin tawul a kafaɗa, ko ƙuda ya sauka a motarsa sai ya goge sawun ƙafarsa, wane suna kike so in sa masa? Ban ce mugu ne ba. Da mugu ne ma da na huta.

A wannan wayar ce ta gaya mini cewa tunda mijinta yana can nesa wurin aiki, ba zai samu zuwa ba sai bayan haihuwa, Mai Tawul ya ce shi zai ɗauko ta da jariri daga asibiti. Maman Auta, ki tuna ranar da muka dawo da Auta daga asibiti. Motar haya ce, ke a baya da jaririya, ni a gaba mu biyu a kujera ɗaya, na rungume bokiti da baho, giyar direba tana dukan gwiwata. A ranar na ce a raina, in Allah ya nuna mini jika daga yarinyar nan, a motata za a kai shi gida. Ban taɓa gaya miki ba, don kin san yadda kike yi da alkawuran da nake yi.

Motar ta hannu ce, kuma hannun ya daɗe a kanta. Wani mai hatsi ne yake kai buhuna kasuwa da ita. Dillali ya ce fara ce. Ni da na san launi na ce masa wannan kalar bangon kicin ce. Amma bakaniken bakin titi ya saurari injin ya ce ƙalau yake, birki ma yana ci. Tuƙi kuwa ba a koya mini, kin san shekarun da na yi ina jan a-kori-kurar ɗan kwangila. Abin da ya rage tsabta ce kawai. Cikinta warin buhu da na akuya, kujerun sun yi baƙi, gaban kuma duk an manne shi da takardu. Bakanike ya ce in kai wa masu wankin mota. Na ce mutumin da yake gyara fuskar gidaje tun kafin ya yi gemu, mota guda ce za ta gagare shi? Da hannuna zan mayar da ita amarya, sai Mai Tawul ya ga fuskarsa a jikinta ya gyara hula.

Kada ki gaya wa Auta. So nake ta gani da idonta. Ki gaishe ta, ki gaida mutan gidan daidai gwargwado.

Naki har kullum,
Mai Fenti

*

Maman Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya, ke da mai nauyi. Amsarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune ko za ta yi laushi, ba ta yi ba. Kin ce a da kin ɗauka kishi kumallon mata ne, ashe da gemu ma ana yinsa. Kin kuma ce Mai Tawul mutumin kirki ne, har ƙofar mota yake buɗe wa Auta. Na gode da wannan labari. Ya taimaka mini ƙwarai wajen rage cin abinci.

Na fara aikin. Zan ba ki labari yadda ya faru, ba ragi, don na san ko na ɓoye, matar maƙwabci za ta kai miki da ƙari.

Na fito da motar ƙofar gida da rana tsaka, don in ga datti sosai. Na kaɗa garin sabulunki na wanki a bokiti, na shafe ta da kumfa daga sama har ƙasa, sannan na shiga ɗebo ruwan ɗauraya. Kafin in fito rana ta busar da kumfar. Mota ta yi zane-zane kamar fuskar yaron da ya yi kuka bai wanke ba. Na sake wankewa. Akwai kashin tsuntsu a saman da ya ƙi fita, sai na ɗauko soson ƙarfen da kike wanke tukwane. Kashin ya fita, fentin ya raka shi.

Wannan duk ƙarami ne. A ƙofar baya ta hagu akwai wani ƙarce mai tsawon ɗan yatsa. Na ce ai fenti fenti ne, abin da nake yi wa bango shi zan yi mata. Na ɗauko samfefa na goga a hankali. Ƙarcen ya ɓace, amma wurin ya dushe, ya zama kamar tabon ƙuna. Na ce bari in goga gefensa su daidaita. Gefen ma ya dushe. Na bi gefen gefen. Maman Auta, da ya kai faɗin farantin baƙi sai na ajiye samfefar na roƙi Allah ya riƙe hannuna. Garin gyaran gira ke nan.

Na koma ciki, wajen takardun da aka manne a gaba. Na ɓare su, ƙaron ya rage. A sana'armu tina, ruwan sirka fenti, ita ce maganin duk abin da ya manne, sai na jiƙa tsumma da ita na goga. Ashe robar mota ba ta shan tina. Ta narke, na taɓa don in gani, yanzu haka sawun babban yatsana yana nan a gaban motar, ba zai fita ba har abada. Na lallashi kaina da cewa ko ɓarawo ya sace ta, ina da shaida.

Tayoyi kuwa, na tuna yadda na Mai Tawul suke sheƙi kamar an lashe. Ban san me yake shafa musu ba, kuma gara in mutu da in tambaye shi. Na shafa musu man girkinki. Sun yi kyau har zuwa la'asar. Daga nan tururuwan unguwa suka yi gayya, akuyar maƙwabciya ta zo ta gama da sauran.

Wuri ɗaya ne na san na yi abin kirki, wato ƙasan motar daga ciki. Nan kam fagena ne. Kin ga yadda nake wanke daɓen ɗaki in na gama fenti, a kwarara ruwa, a bi da tsintsiya. Haka na yi. Na kwarara wa kafet ɗin bokiti bayan bokiti, na dirje kujeru, na kore ruwan ta ƙofa, baƙi ƙirin yake fita. Da na gama na rufe gilasai gam saboda ƙura da kyanwa, na lulluɓe motar da tamfol ɗin da nake rufe kayan mutane, don ta bushe a tsanake. Bakanike ya zo wucewa ya tsaya yana kallona, ya buɗe baki zai yi magana, na ce masa kowa ya tsaya a sana'arsa. Ya ce to, ya tafi.

An kira ni aikin wata makaranta a bayan gari, zan yi kwanaki a can. In na dawo sai in yaye tamfol in ga amarya.

Ki ce wa Auta ta riƙa tattaki da safe. In ta tambayi wa ya ce, ki ce Babanta na asali.

Naki,
Mai Fenti

*

Uwargida,

Gaisuwa irin ta wanda ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Ina fata kina lafiya, Auta ma lafiya. Kin ce ƙafafunta sun kumbura. Ta riƙa ɗora su a kan matashi, ke ma haka kika yi da cikinta.

Na dawo, na yaye tamfol. Gilasan duk sun yi gumi, ba a ganin ciki. Na buɗe ƙofa.

Maman Auta, na zama manomi.

Duk ƙwayar da ta taɓa zubewa daga buhunan mai hatsi, ta shige cikin kafet da ƙarƙashin kujeru tana jiran damina, ni na kawo mata daminar. Ga ruwa, ga ɗumi, ga rufi. Wake ya tsiro a wurin sa ƙafa. Gero ya yi layi a bakin ƙofa kamar an shuka da igiya. Masara ɗaya ta fito ta gefen birkin hannu, doguwa, fara sol don rashin rana. A kujerar baya, daidai inda na tanadar wa jikana, nan shukar ta fi kyau. An ce abin da ka shuka shi za ka girba. Ni ban shuka ba, ban ruwa kawai na yi.

Kafin in rufe ƙofar unguwa ta taru. Matar maƙwabci ta ce, “Baban Auta, in ba za ka yi amfani da ciyawar ba, a bar wa akuyata.” Bakanike ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya huce ya ce abin da ya so gaya mini ke nan ranar, na ce kowa ya tsaya a sana'arsa. Ya ce yanzu kuma sana'ar noma ce, ba tasa ba ce. Sai da na ba shi haƙuri kafin ya ara mini sifana, ya nuna mini yadda ake kwance kujeru.

A daidai wannan rana takardarki ta iso, kina gaya mini Mai Tawul ya kai tasa an tsotse mata ƙura da inji, har ya sayi ɗan matashi mai laushi ya ajiye a baya domin Auta. Kin iya zaɓen lokaci.

Bari in gaya miki gaskiya tunda ba a sifika nake ba. Ba motarsa ce take ci mini rai ba. Kin tuna Auta tana ƙarama, in na dawo daga aiki takan rugo ta rungume ƙafata, kina yi mata faɗa za ta ɓata riga, ita kuwa ta ce warin fenti shi ne warin Baba. Komai ni take tambaya, me ya sa sama shuɗiya ce, ina rana take kwana. Ban sani ba, amma ina ƙaga mata amsa ta yarda. Yanzu in likita ya rubuta mata magani, Mai Tawul take kai wa ya karanta mata takardar ciki, ya sa tabarau ya yi bayani, kuma bayanin nasa gaskiya ne. Ni in ta kira, sai ta tambaye ni ko na ci abinci. Wato shi ake tambaya, ni ake lallaɓawa. Na san ba laifinsa ba ne, ba kuma nata ba. Ni na yi ta addu'a Allah ya ba ta surukai masu riƙe ta kamar 'yarsu. Ban san Allah zai amsa har haka ba.

To, na share gona. Na fitar da kujeru na jera a tsakar gida kamar za a yi taro. Na ɗaga kafet na shanya a kan katanga. Wannan karon a hankali nake bi, a inuwa, da ruwa kaɗan da tsumma mai laushi, kamar yadda bakanike ya ce. Lungunan da hannu ba ya shiga na bi su da buroshin haƙori. Naki ne, shuɗin nan, zan saya miki wani. Na tsinci maɓallai, da allurar ɗinkin buhu, da haƙorin wani bawan Allah.

Da na ɗaga kafet ɗin sai na ga ƙarfen ƙasan ya yi tsatsa. Mai fenti ba ya ganin tsatsa ya wuce, ko a gidan maƙiyinsa. Na kankare, na shafa masa jan fentin mai, irin wanda nake yi wa ƙofofin ƙarfe, na maimaita shafi mai kauri don ya daɗe. Nan kam ko Mai Tawul ya leƙa sai ya sara mini.

Wake ɗaya ya ba ni tausayi, ya fi sauran ƙoƙari. Na dasa shi a tsohon gwangwanin fenti a bakin ƙofar ɗakinki.

Naki,
Mai Fenti, kuma manomi

*

Maman Auta,

Gaisuwa a gurguje, direba yana jira. Ina fata kowa lafiya.

Jiya Auta ta kira ni, bayan gaisuwa ta ce, “Baba, yaya gona? An yi shara ta biyu?” Na ji ki a bayanta kina ƙoƙarin danne dariya. Ashe wasiƙar ma sifika kike sa ta. Allah ya shirye ki.

Tunda kin ce likita ya ce abin ya kusa, ban tsaya jira ba, na mayar da kafet da kujeru. Na sayi man goge mota na gaskiya na bi jikinta da shi har kafaɗata ta ƙage. In aka tsaya ta dama, mota ce ta nuna wa sa'a. In an zo asibiti zan san yadda zan ajiye ta, ɓangaren hagu ya kalli bango. Na zuba ƙwayoyin kafur a ƙarƙashin kujeru, na fesa turaren da kika ɓoye a bayan akwati. Bakanike ya sa kansa ciki ya yi atishawa ya ja da baya, wai akwai wari. Ni ban ji komai ba. Hassada ce, tasa motar ko ƙofa ba ta rufuwa sai da igiya.

Da zarar naƙuda ta fara ki kira ni, ko a sifika ne.

Naki,
Mai mota

*

Zuwa ga Kakar jaririya,

Assalamu alaikum. Ina yi mana barka, ina yi wa Allah godiya da ya sauki Auta lafiya. Yaya mai jego, yaya baƙuwarmu? Tana kama nono sosai? Ke kuma yaya hidima? Na iso gida lafiya. Na san kina fushi da ni, don ko rakiya ba ki yi mini ba. Kin tambaye ni a ƙofar asibiti, bayan duk wannan wahala me ya sa na yi haka, na ce miki sai an jima. To, ga an jima.

Abin da kika gani shi ne wannan. Muna ɗakin masu haihuwa, ni da Mai Tawul muna tsaye kowa ya kama ƙarfen gado ɗaya, nas ta ce an sallame ku. Mai Tawul ya laluba aljihu ya fito da makulli. Sai Auta, da 'yar muryarta ta gajiya, ta dube shi ta ce, “Baba, ka yi haƙuri, yau motar mai gona zan shiga.” Wallahi a lokacin da an auna ni, da na fi buhun siminti nauyi. Na ce bari in je in buɗe ƙofofi, na fita ina taku kamar ni na gina asibitin.

Ga abin da ba ki gani ba. Motar tana rana tun safe, gilasai a rufe. Da na taho a hanya a buɗe suke, iska tana kaɗawa. Ina buɗe ƙofar baya sai wani zafi ya bugi fuskata, idanuna suka kawo ruwa. Kin san hancina ya daɗe da mutuwa a kan warin fenti, ina cin abinci kusa da buɗaɗɗen gwangwani ban ji komai ba. To, wannan har ni na ji. Fenti, da tina, da kafur, da turarenki, duk sun dahu tare. Na durƙusa na ɗaga gefen kafet na danna babban yatsa a kan ƙarfen. Ya fito ja, yana danƙo. Shafin ya yi kauri, na kuma rufe shi bai sha iska ba.

Maman Auta, kin san doka ɗaya da nake da ita a sana'ata. Duk gidan da na yi wa fentin mai, nakan ce kada a shigar da jariri ko mai ciki sai yatsa ya fito fes, ɗaki ya sha iska. Har aiki na taɓa rasawa saboda na yi wa wani mai gida faɗa a kan haka. Ga ni durƙushe a bayan motata da jan yatsa, ina neman hanyar da zan yi wa kaina rangwame. Na ce tafiyar ba nisa. Na ce a sauke gilasai. Sai na tuna iska ba ta da kyau ga jaririyar da ko kwana ba ta yi ba. Na ce a rufe. Sai na tuna ƙirjinta, da bai fi tafin hannuna ba.

Na ɗaga kai sai na hango Mai Tawul can wajen tasa motar. Bai san ina kallonsa ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya ciro ɗan matashin nan, ya tsaya riƙe da shi, kamar bai san inda zai ajiye shi ba. Kada ki ce tausayinsa na ji. Ban ji ba. Daɗi ma na ji, Allah ya yafe mini. Yatsan ne ya kai ni wurinsa, ba zuciya ba.

Ban iya cewa motarsa ta fi tawa ba, bakina ya ƙi. Na nuna masa yatsan kawai na ce, “Suruki, tawa ba ta bushe ba. Mayar da matashinka.” Ya zo ya sa kai a motata, ya yi tari, ya fito. Na jira ya yi dariya, don da ya yi da na samu abin riƙewa a kansa har ƙarshen rayuwata. Bai yi ba. Ya ce, “Za ta ji ba daɗi fa, tun jiya take zancen motar nan.” Na ce ta ji ba daɗi da lafiyayyar 'ya ya fi. Sai ya ce, “Ni 'ya'yana duk maza ne. Ban san daɗin 'ya mace ba sai da ka ba ni aron taka.”

Ki zama shaida, Maman Auta. Aro ya ce. Da bakinsa.

Ban yi bayani a gabanku ba don na san Auta. Da na ce wari ne, sai ta ce ai warin Baba ne, ta shige da jaririyar, ke kuma ki goya mata baya don kada in ji kunya. Shi ya sa na ce kawai ku shiga waccan, na ɗaure fuska. Na ga yadda ta dube ni. Ki karanta mata wannan, yau na yarda a sa ni a sifika.

Sauran kin sani. Kayan da suka rage aka loda mini, bokiti da baho da filas da ƙullin zannuwa. Bokitin a kujerar gaba ya zauna kusa da ni. Na dube shi ya dube ni, na ce masa ashe muna da sauran tafiya tare. Na bi ku a baya, gilasai a sauke, Mai Tawul yana tafiya kamar ya ɗauko ƙwai, har masu keke suna wuce mu. Ban ga laifinsa ba, ko ni haka zan yi, sai dai ni da na fi shi iya kauce wa ramuka. Ta gilashin bayansa ina hango ɗankwalin Auta. Duk kwanar da aka sha sai ta waiwayo ta duba ko ina nan. Ke ba ki lura ba, kina ta gyara wa jaririya hula. Ni na lura, ban bar ko ɗaya ta wuce ni ba.

Da zan taho, Mai Tawul ya raka ni har mota. Ya zagaya ta hagu, inda na yi ta ɓoyewa, ya ga tabon samfefa. Ya sauke tawul ɗin daga kafaɗarsa ya miƙa mini, ya ce irin wannan ba ya ƙarce fenti. Na karɓa don kada a ce ban da tarbiyya. Abin haushi, ya fi wanda nake wanka da shi laushi.

Yanzu kujeru sun koma tsakar gida, kafet yana kan katanga, ƙofofin mota huɗu a buɗe kamar kaza tana shan iska. Na kwashe kafur ɗin. Waken ƙofar ɗakinki ya fara yaɗo, na kafa masa sanda. Kullum da safe kafin in wanke ido nakan je in danna yatsa. Yau ya fito da ɗan ja kaɗan, bai kai na jiya ba.

Nas ta ce akwai ranar da za a mayar da jaririya rigakafi. Ki gaya wa surukina, cikin ladabi, cewa wannan tafiyar tawa ce. In yana son zuwa ya biyo mu a baya da bokiti, zan nuna masa yadda ake riƙe shi.

Ki shafa mini kan amaryata ƙarama, ki duba mini da kyau ko hancin nan nawa ne ko nasu. In nasu ne kada ki rubuto.

Mijinki,
Kakan jaririya, Mai Fenti